Ladabin Babandi

Ranar Talata ce, cikin bazarar 2002, irin zafin nan na Lafia da mutum kan farka da asuba ya tarar da matashin kansa a jiƙe. Malama Sharifa ta idar da salla, ta ɗauko ruwan da ta tafasa tun jiya, ta cika babbar gorar roba, ta ajiye a bakin ƙofa. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana wannan aiki kowace safiya. Ɗanta na fari, Abdulrauf, da ciwon sikila aka haife shi. Ita kuwa ilimin halittu ta karanta a jami'a, shi take koyarwa a sakandaren 'yan mata, don haka ba sai an gaya mata abin da ƙishirwa ke yi wa jinin mai sikila ba.

Rana ba ta gama fitowa ba Babandi ya yi sallama. Wan mijinta ne, kuma tun rasuwar mijin shi ke da ta cewa a kan 'ya'yanta biyu, Abdulrauf da ƙanwarsa Nasiha. A ranar zai kai yaron gaisuwa gidan wani Darakta don a sama masa aiki, tun da ya gama bautar ƙasa yake zaune.

Ya tsayar da Abdulrauf a tsakar gida, ya zagaya shi kamar mai tayin rago. Ya gyara masa zaman hula, ya duba farcensa, ya sa ya cire agogo, wai mai nema ba ya duba lokaci a gaban wanda zai ba shi. Sai idonsa ya kai kan gorar.

"Wannan fa?"

"Ruwansa ne, Yaya," in ji Sharifa.

"Kiwo za mu je? Gidan Darakta za mu shiga da gora a hammata?"

A gaban dangin miji Sharifa ba ta taɓa sa baki a maganar ɗan fari ba. Ko sunansa ba ta kira, yayan Nasiha take ce masa. Ranar ta sa baki.

"Yaya, ciwonsa ba ya son ƙishirwa, ga kuma zafin da ake yi. Ba ra'ayina ba ne, haka jikinsa yake."

"To, boko ya motsa," in ji Babandi, yana dariya ba tare da ya dube ta ba. "Uwa na yi wa ɗan fari lauya a gaban ubansa. A gidanmu dai ba mu gada ba. Malama, in Darakta ya ga gora zai tambaya. In ya tambaya, me za mu ce? Mun kawo maka majinyaci ka ba shi ofis? Gidan da ke da firji biyu, a can ne za a rasa ruwa?"

Abdulrauf ya ce, "Mama, bari kawai, zan sha yanzu." Ya ɗaga kofi ya shanye, ya sake cikawa. Babandi ya riƙe masa hannu.

"Ya isa. Kada ka cika ciki ka sa mu neman bayan gida a gidan mutane."

Sharifa ta ɗauki gorar ta sa a hannun ɗanta. Babandi ya karɓe, ya miƙa wa Nasiha, ya ce ta shiga da ita ciki, sannan ya tare musu acaba.

Da hantsi, Sharifa tana gaban allo tana zana wa 'yan aji biyar zuciyar ɗan Adam, su kuwa sun isa gidan, can kan hanyar Shendam inda sababbin manya suka yi gine-gine. Abin da ya faru a can daga baya ta tattara shi, wani daga bakin ɗanta, wani daga bakin Babandi da kansa, wanda ya riƙa ba da labarin da alfahari. Akwai benci a inuwar mangwaro, inda masu jira suke zama. Babandi ya ce benci na waɗanda suka riga suka samu ne. Suka tuɓe takalma tun daga bakin get, suka zauna a kan siminti ƙarƙashin rumfar kwano ta motoci, inda in Darakta ya fito ba zai shiga mota ba sai ya gan su.

Rana ta ɗaga, kwano ya fara ƙara. Wata mai aikin gidan, Doose, ta fito da jug da kofuna a faranti, ta bi masu jira ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kansu ta ce, "Baba, za ku sha ruwa?"

"Alhamdu lillahi, 'yata, a ƙoshe muke."

Abdulrauf ya bi farantin da ido. Tun yana ƙarami Babandi ya koya masa cewa ɗan mutunci ba ya karɓar abu a tayin farko. A na biyu ma ya yi godiya ya ƙi. Sai an matsa masa a na uku zai miƙa hannu biyu ya karɓa, shi ma ya kurɓa kaɗan ya ajiye.

Da azahar Sharifa tana ɗakin malamai tana duba aikin yara, ta kasa cin abincin da ta zo da shi. A can masu jira suka tashi zuwa famfo yin alwala. Babandi ya ce su da alwalarsu tun daga gida, kuma in suka gusa Darakta na iya fitowa. A wurin suka yi sallarsu. Doose ta sake fitowa da ruwa, wannan karon har da ƙanƙara. Abdulrauf ta duba, ta ce, "Kai fa, brada?" Ya ce ya gode. Ta tsaya kaɗan, ta wuce. Ba ta sake fitowa ba.

Wajen la'asar ciwo ya fara daga ƙugunsa ya gangara ƙafafu. Ya matso kusa da Babandi ya ce a hankali, "Baba, ƙafata."

"Gyara fuskarka. Manya ba sa son a tare su da yatsina."

Sai da rana ta yi ja Darakta ya fito, yana sauri zai je taro. Babandi ya zube, ya jera masa ranka ya daɗe, ya ambaci uban Daraktan da kakansa da garinsu. Darakta ya dafa kafaɗar Abdulrauf ya ce, "Wannan ne? Yaro mai natsuwa. Ku dawo ranar Alhamis." Mota ta fita, mai gadi ya rufe get, Babandi ya miƙe yana kakkaɓe riga. Abdulrauf ya kasa tashi.

Ana kiran magariba acaba ya tsaya a ƙofar gida, yaron a tsakiya, Babandi na riƙe da shi ta baya. Tun daga soro yake ɗaga murya: "Malama, albishirinki! Da hannunsa ya dafa shi!" Sharifa ba ta ce goro ba. Ta ɗaga fitila ta ga idon ɗanta ya yi rawaya, leɓensa ya tsattsage. Ta ce wa Nasiha ta ruga ta kira Sista Mwuese, maƙwabciyarsu nas.

Mwuese ta taɓa shi, ta juya ga Babandi. "Tun safe bai sha ruwa ba? Baba, kai ka sani yaron nan sikila ne ko ba ka sani ba?"

"Gajiya ce, Sista. Zama ne ya yi yawa."

"Gajiya! Mama Nasiha, kawo zani, mu tafi asibiti yanzu yanzu."

An sa masa ƙarin ruwa, an ƙara masa jini. Washegari ya ɗan samu sauƙi har ya yi magana. Bai yi ƙorafin kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mama, sau biyu ta kawo. Ina ta jiran na uku." Ranar Alhamis ciwon ya hau ƙirji. Babandi ya zo asibiti cikin babbar riga, ya tambaya ko ba za a iya ɗaga yaron na ɗan lokaci ba, don rashin zuwa bayan babba ya ce a dawo raini ne. Mwuese ce ta raka shi har bakin ƙofa. Ranar Juma'a da hantsi Abdulrauf ya cika.

Duk wanda ya san Babandi ba zai yi mamakin tambayar nan ta asibiti ba. A ƙauyen Ashige aka haife shi, gidan manoman doya da riɗi. Yana ɗan shekara sha uku uban ya kawo shi Lafia gidan wani ma'aikacin En'e, ya yi shara, ya yi wankin mota, daga nan aka ɗauke shi masinja. Karatunsa bai wuce haɗa baƙi ba, amma ya koyi abin da ba a koyarwa a aji: wa ke zama kusa da wa, wa ake fara gaisarwa in biyu suna gaba, ta wace ƙofa ake shiga kowane gida. Ya yi ritaya yana babban masinja, gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi.

Da aka ƙirƙiri jiha a 1996, Lafia ta zama babban birni, manyan ma'aikata suka kwararo daga Jos, ba su san gari ba, gari bai san su ba. Nan kasuwar Babandi ta buɗe. Shi ne mai kai gaisuwa. Iyaye suka riƙa kawo masa 'ya'yansu daga Doma, daga Obi, Musulmi da Kirista, ya zaunar da su a zaurensa ya yi musu darasi. Kada ka dubi babba a ido. In ya yi wasa ka yi dariya, amma ka gama kafin shi. In ya yi kuskuren suna ya kira ka Audu, kai Audu ne har ka fita. Kada ka ce ka sani, ko da ka sani. Kada ka tashi sai an sallame ka, in kuwa an manta da kai, to ka zauna, wata rana za a tuna da wanda ya zauna. Wasu sun samu aiki ta haka, kuma su yake lissafawa. Waɗanda suka yi ta zama har suka gaji suka koma gona ba ya ambatonsu.

Shi kansa bai tara komai ba. Gidansa na ƙasa ne, babban ɗansa na Kaduna ba ya zuwa ko da salla. Sharifa ta san cewa da durƙuson Babandi mijinta ya samu gurbin karatu, an kuwa sha tuna mata. Saboda haka ne ta yi shekaru tana haɗiye magana. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne, mutumin bai taɓa zama ya ce ko da kuskure a ranar Talatar nan ba. A wurinsa komai ya tafi daidai, ajali ne kawai ya yi gaggawa.

Zaman makoki ma aikinsa ne, ya kuwa yi shi da gwaninta. Ya ware kujeru, ya ware tabarmi, ya san wanda za a raka har mota da wanda za a ce wa a sauka lafiya daga zaune. Ranar addu'ar uku labari ya zo Darakta na tafe. Babandi ya shigo cikin gida ya tashi matan da ke zaune daga inuwa, ya sa aka shimfiɗa darduma, sannan ya sunkuyo kusa da Sharifa.

"In ya shigo ki sauka ƙasa. Kada ki yi kuka mai sauti. In ya tambayi ciwo ki ce zazzaɓi ne na kwana biyu."

Darakta ya shigo, ya yi ta'aziyya da ladabi, ya tambayi abin da ya same shi. Sharifa tana kan kujerarta ta ce, "Sikila gare shi. Ya yini a gidanka bai sha ruwa ba." Mutumin ya dubi Babandi, Babandi ya dubi ƙasa. Darakta ya ce wallahi bai sani ba, da ya sani da ba haka ba, kuma Sharifa ta yarda da shi. Kafin ya fita ya ce in akwai wani a gidan, aikin na nan, a kawo shi.

Da yamma Doose ta zo a ƙafa, ta durƙusa gaban Sharifa tana kuka. "Mama, sau biyu na tambaya shi. Ya ce ya gode. Ni a wurinmu in mutum ya ce a'a, a'a ne. Ban sani ana tambaya sau uku ba." Sharifa ta ɗaga ta, ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce babu abin da ta yi sai alheri.

Babandi bai yi mata maganar abin da ta gaya wa Darakta ba sai bayan addu'ar bakwai. Ya ce ta kunyata shi a gaban mutumin da ya yi shekara shida yana gyara hanyarsa, amma ya yafe, zafin rashi ne. Sannan ya kawo abin da ke tafe da shi. Nasiha za ta koma gidansa, matarsa ta koya mata zama da tashi, shi ya koya mata gaisuwa, in ta nuna sai ya kai ta ta karɓi aikin yayanta. Nasiha a lokacin shekararta sha takwas, ta ci jarrabawa, tana jiran tafiya Jos karatun haɗa magunguna.

"Jami'a ba ta gudu, Malama. Shi kuwa Darakta yau yana nan, gobe an canza shi. Ke da kika yi jami'ar, ba alli kike ci ba har yau?"

Sharifa ta ce a bari a yi arba'in. A cikin kwanakin nan Babandi ya riƙa aiko matarsa da tuwo, ya riƙa kiran Nasiha yana gyara mata yadda take miƙa kofi. Yarinyar ta daina fitowa in ta ji sallamarsa.

Bayan arba'in limamin unguwa ya zo raba abin da mamaci ya bari. Ba wani abu ba ne mai yawa. Aka fito da shi tsakar gida aka jera a kan tabarma: katifa, barguna, kaya a akwati, littattafan aikin gona, rediyo, keke, dutsen guga, da fanka mai tsaye da ya saya da alawus ɗin bautar ƙasa. Liman ya yi bayani: uwa tana da sulusi, 'yar'uwa tana da rabi, abin da ya rage na wan uba ne. Aka kimanta, aka ware. Rabon Babandi ya faɗa kan fanka da dutsen guga.

Babandi ya gyara murya, ya dubi maƙwabtan da suka zo shaida. "Allah ya kiyaye in ci kayan ɗana. Na bar wa Nasiha. Dama gidana za ta dawo, sai a kai su ɗakin da na gyara mata."

Mutane suka fara cewa madalla, Allah ya saka. A nan ne ya kamata Sharifa ta sauka ƙasa ta yi godiya, kowa kuma jira yake.

"Liman," in ji ta, "kyauta tana tabbata in ba a karɓa ba?"

Liman ya ce, "Sai an karɓa, Malama."

"Nasiha, kin karɓa?"

Nasiha tana bakin ƙofar ɗaki. "Ban karɓa ba, Mama."

"Ke!" in ji Babandi. "Ni kike mayar wa kyauta? Wa ya koya miki?"

"Ni," in ji Sharifa. "Yaya, Allah ne ya ba ka rabonka, ba ni ba, ka ɗauka. Nasiha ba za ta zo gidanka ba, ba za ta je gidan Darakta ba. Jos za ta tafi. Ka karɓi ɗaya daga hannuna da safe ka dawo mini da shi da magariba, na ga yadda ka dawo da shi. Ba za ka karɓi ta biyu ba."

"A gaban mutane, Sharifa? Ni da na ɗauki mijinki a kafaɗa?"

"Shi ka ɗauka, ya kuwa gode maka har ya koma ga Allah. Ni ma na gode. Godiyar ta tsaya nan."

"Dangi za su ji wannan."

"Su ji. In sun zo zan ba su ruwa, tun a tayin farko su sha."

Babandi ya juya ga liman, yana jiran ya tsawata mata. Liman ya ce shi rabo ya zo yi, rabo kuma ya ƙare, ya shafa fatiha. Maƙwabta suka fara neman takalmansu. Mwuese, da take tsaye jikin katanga tun farko, ta ce, "Baba, in kira maka acaba? Fankan da nauyi."

Dangin sun ji. Wasu sun zo sun yi faɗa, wasu sun daina gaishe ta a biki. An ce boko ya cinye mata kunya. Babandi bai sake taka gidan ba, ita ma ba ta taka nasa ba, ko da salla. Har yanzu ana kai masa yara.

Kayan kuwa, ga yadda aka yi da su. Nasiha ta tafi Jos da rediyo da akwatin, ta ba ɗan Mwuese keken, littattafan ta kai laburaren makarantar da mahaifiyarta ke koyarwa. Sharifa ta wanke bargunan ta kai ɗakin masu sikila a asibiti, saboda masu ciwon suna jin sanyi ko da bazara. Tufafin ta raba wa ɗaliban da ta san ba su da na salla, ta ajiye riga ɗaya, wata tsohuwar shuɗiya da yake sawa in zai yi ban ruwan tumatir a bayan gida. Katifar tana ɗakinsa a jingine.

Dutsen guga Babandi ya bar shi a kan tabarma, washegari Sharifa ta aika masa da shi. Fankar da kansa ya rungume ta a bayan acaba, wayar na ja a ƙasa. Tana zaurensa. Waɗanda suka shiga sun ce in akwai wuta yakan kunna ta, ya juya ta wajen kujerarsa.